Na buɗe wayar ɗana, rabin Hausar da ke ciki ban gane ba

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Kano. Babban cikinsu namiji ne, shekararsa 16, yana aji biyar na sakandare. Kwanakin baya ya bar wayarsa a ɗaki ya tafi masallaci, zuciya ta ɗebe ni na buɗe WhatsApp ɗinsa. Wallahi rabin abin da suke rubutawa shi da abokansa ban gane ba. Ga waɗanda na kwafo a takarda: "Baba ya ne?" "Ba yawa." "Mu ware." "Sapa ta kama ni." "Wane ya faso gari." "Jiya wasa ɗaya ya yanke min tikiti." "Tsohuwa ta hana ni fita." Akwai kuma inda wani ya ce wani abokinsu "ya yi caji" har sai da aka raka shi gida, sai nawa ya tura hoton ƙoƙon kan mutum. Ni dai wannan sapa da ƙoƙon kan su ne suka hana ni barci, kada a je ƙungiyar asiri ya shiga. Raina kuma ya ɓaci da ya kira ni tsohuwa, alhali ko arba'in ban kai ba. Na gaya wa babansa, ya ce zai fasa wayar, in kuma bai shiryu ba ya kai shi gidan mari. Yaron bai san na gani ba. Don Allah ki fassara mini, ki kuma ba ni shawara.

Wata uwa daga Kano

AMSA

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya shirya mana zuri'a baki ɗaya.

Kafin komai, ki lallashi maigida ya dakata da maganar fasa waya. A cikin abin da kika kwafo babu ko kalma ɗaya da ke nuna ƙungiyar asiri. Amma akwai jimloli biyu da suka cancanci a zauna a kansu, kuma ba su ne suka hana ki barci ba. Ɗaya daga ciki ma kin wuce ta ba ki waiwaya ba.

Bari mu fara sauke masu sauƙin. "Baba ya ne?" gaisuwa ce tsakanin abokai, ba da mahaifinsa yake ba, samari kan kira junansu baba, ko maza, ko mutumina. "Ba yawa" ita ce amsar, wato lafiya lau, babu matsala. "Mu ware" mu tafi ke nan. "Ya faso gari" ana faɗin ta ga wanda ya samu kuɗi kwatsam har aka fara ganin alama a jikinsa. Ita kuwa sapa da ta tsorata ki, daga brokan kudancin Najeriya ta hauro, ta waƙoƙi da TikTok, kuma ma'anarta aljihu ya bushe. Ɗanki cewa yake ba shi da ko sisi. Hoton ƙoƙon kai a wajen yaran yanzu dariya ce, irin wadda mu za mu ce "ka kashe ni da dariya". Za ki kuma ci karo da slm, ykk, lfy, ngd, wlh, gsky, wato salam, ya kake, lafiya, na gode, wallahi, gaskiya. Wannan ragowar zamanin saƙon tes ne, lokacin da saƙo ɗaya ba ya wuce haruffa 160, in ya wuce a ci kuɗin biyu. Yanzu ba a lissafin haruffa, amma ɗabi'ar ta zauna. Wasu har "z" suke mayarwa "x", su rubuta "xan xo", don gayu kawai.

Maganar tsohuwa kuma, ki saki ranki. Bahaushe ya daɗe yana cewa tsohona, tsohuwata, kuma ba shekaru yake ƙirgawa ba, kauce wa kama suna yake yi. Ke ma ai na lura duk tsawon wasiƙarki ba ki kama sunan ɗan farinki ba. Abin da ya kamata ki gani a jimlar nan shi ne kin hana shi fita, ya kuma hanu, har ya gaya wa abokansa dalili. Yaron da ya fi ƙarfin gida ba ya rubuta irin wannan.

Wannan abu da muke kira sara ba yau aka fara shi ba, mu ma mun yi namu. 'Yan mata da samari na da can suna da zaurance, a cusa wata gaɓa bayan kowace gaɓa, "tafi" ta koma "tadafidi", a yi ta zuba a gaban manya ba su san ana shirya zuwa dandali ba. Ko a wajen kuɗi kaɗai, duba abin da iyayenmu suka bar mana. An daina fam da sule tun 1973 da naira ta zo, amma mutane suka ci gaba da kiran naira biyu fam guda, naira 200 kuma jaka, saboda jakar fam ɗari ta da. Takardar naira 20 mai hoton Janar Murtala da ta fito a 1977 ta zama 'yar Murtala, ta naira 50 ta 1991 ta zama wazobiya. Keken da kike hawa kullum a Kano, A Daidaita Sahu, sunan shirin gyaran tarbiyya ne na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, bakin mutane ya ɗauke shi ya liƙa wa keke, yau ko malami a kan mumbari haka yake kiransa. Masu nazarin harshe a jami'o'inmu suna kiran irin wannan Hausar rukuni: 'yan kasuwa na da tasu, direbobi da 'yan kamasho na da tasu, almajirai na da kolo da titibiri da gardi. Yaro mai shekara 16 yana son ya ji akwai wata magana da ta zama tasa shi da tsararrakinsa, wadda babba ba ya shiga. Abin da ya canza kawai shi ne sauri da nisa. A da sara kan ɗauki shekaru kafin ta tashi daga Fagge ta kai ƙauye. Yanzu yaro a Legas zai faɗi kalma da safe, kafin la'asar tana bakin yaran Kurna.

Shi ya sa ba zan ba ki shawarar ki zauna haddar kalmomi ba. Kafin ki haddace na bana sun tsufa. Shekarun baya kowa "wuf" yake cewa in ana maganar aure, yanzu yara na ganin ta tsohon yayi. Abin da zai yi miki amfani shi ne ki riƙa tambayar kanki, wannan kalmar ado ce, ko mayafi ce da aka lulluɓe wani aiki da ita? Yawancinsu ado ne. 'Yan kaɗan ɗin da suke mayafi kusan kullum a kan abu uku suke yawo: abin sha, kuɗin da ba a san hanyarsa ba, da mu'amalar maza da mata.

To ga jimlar da kika wuce: "wasa ɗaya ya yanke min tikiti." Ina jin kin ɗauka tikitin shiga gidan kallon ƙwallo ne. A bakin matasa, tikiti takardar cacar ƙwallo ce. Mutum zai zaɓi wasanni da yawa, goma ko fiye, ya yi hasashen yadda kowanne zai tashi, ya sa naira ɗari ko ɗari biyu. Ana ninka ribar kowane wasa a kan na gaba, shi ya sa ɗan ƙaramin kuɗi ke nuna masa dubbai masu yawa a fuskar waya. Sharaɗin shi ne dole duka su faɗa daidai. In guda ɗaya ya kuskure, komai ya tafi, shi ne ake cewa tikiti ya yanke. Kuma a nan tarkon yake. Wanda ya faɗi wasa tara cikin goma ya san ya faɗi. Wanda ya ci tara ya faɗi ɗaya gani yake saura ƙiris, gobe zai dawo. Ba ya lissafin cewa yawan wasannin da ya tara shi ne ke sa kusan kullum a samu ɗayan da zai yanke. Haramcin caca ba sai na tsaya yi miki bayani ba, kin san ayar da ta haɗa ta da giya a Suratul Ma'ida. Su kansu kamfanonin suna rubuta cewa ba a yarda wanda bai kai 18 ya buga ba. A 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama a Kano, amma rufe shago bai kai ga waya ba, don yaro na iya bugawa yana kwance a ɗakinsa, ko ya ba wani babba a majalisa kuɗi ya buga masa.

Ba ki faɗa mini waye ya rubuta wannan jimlar ba, shi ne ko abokinsa. Wannan shi ne abu na farko da za ki tabbatar. In shi ne, sai ki ajiye ta kusa da "sapa ta kama ni" ki sake karantawa. Sapa ita kaɗai ba komai ba ce, kowane ɗan makaranta kukan babu yake. Amma yaron da ke kukan babu yana kuma maganar tikiti, sai a tambayi inda kuɗin tara da kuɗin mota suke tafiya. Ki tuna baya kaɗan. Canjin cefane yana dawowa daidai? Ya fara yawan cewa an ce a kawo kuɗin kaza a makaranta? Akwai abin da ya ɓace a gida, ko wani abu nasa da ya ce ya ba aboki aro bai dawo ba? Ransa na ɓaci fiye da kima ranar Asabar da Lahadi da dare, bayan an tashi wasannin Ingila da Sifen, har a kan ƙungiyoyin da ba nasa ba? Wanda yake kallo don sha'awa ƙungiya ɗaya ke ɓata masa rai. Mai tikiti kuwa har wasan ƙasar da bai san inda take a taswira ba yana bibiya.

Ta biyu ita ce "ya yi caji". Wannan kam maye ake nufi, wani lokaci su ce ya cake. Tunda har sai da aka raka yaron gida, abin da ya sha ba kaɗan ba ne. Ki lura da kyau, ba ɗanki aka ce ya yi caji ba, abokinsa ne, shi dariya kawai ya yi. Kada ki ɗora masa laifin da ba a ce ya yi ba. Sai dai dariyar ta nuna abin ba baƙo ba ne a majalisarsu, kuma wannan ya isa a tashi tsaye. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna kimanin mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin kowane huɗu mace ce. Na kawo wannan na ƙarshen ne saboda ƙannensa mata, in akwai, don mun saba sa ido a kan maza kaɗai. A watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan wani binciken BBC da ya nuna yadda ake shan sa, har da nan Kano. Hanin ya sa ya yi tsada, bai sa ya ɓace ba.

A wannan fannin kam akwai sunayen da ya kamata kunnenki ya sani: kodin ko sirof, taramol, roci, ekzol, sholisho, wiwi da ake ce wa ganye, a-kurkura, sukudayi. Amma ko su, jiki ya fi baki faɗin gaskiya, don da zarar manya sun gane suna sai a sauya wani. Abin dubawa shi ne barcin da ya wuce misali ko rashinsa gaba ɗaya, jan ido, magana tana jan ƙafa, harshe ya yi shuɗi (roci na barin wannan launin), robar lemo da ba ta rabuwa da hannu ana kurɓa a hankali tun safe, ƙin cin abinci tare da 'yan gida, faɗuwar sakamako a makaranta, da sauya abokai gaba ɗaya cikin ɗan lokaci. Alama ɗaya ba hujja ba ce, balaga kanta tana kawo barci da fushi da son kaɗaici. In suka taru uku ko huɗu, to a nemi likita. In babu ko ɗaya, yaronki yana cin abinci, yana sallah, yana karatunsa, to abin da ke gabanki gyaran majalisa ne, ba jinya ba.

Yanzu sai yadda za a tunkare shi, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. In aka kira shi tsakar gida, uba na tsaye da bulala, aka karanto masa saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, abu ɗaya zai koya: ya sa wa waya mabuɗi, ya riƙa goge hira. In aka fasa wayar, zai ari ta aboki, kuma wannan ba za ki taɓa ganin cikinta ba.

Ki same shi ku biyu, lokacin da ba a cikin faɗa, hannunsa na kan wani aiki, ko ya raka ki unguwa. Samari sun fi sakin baki in ba a tsare su da ido ba. Ki gaya masa gaskiya cewa kin buɗe wayarsa. Na san da nauyi, amma in kika ɓoye, kika riƙa jefa masa tambayoyin da ya san ba daga sama kika samo su ba, zai gane, kuma zai ɗauke ki mai leƙen asiri har abada. Kina da haƙƙin sa ido a kan yaron da ke ƙarƙashin kulawarki, amana ce. Amma ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin asirin mutane tana koya mana cewa sa ido a fili ya fi na ɓoye tsafta. Ki ce masa, "Na ga hirarku, wasu abubuwan sun ba ni dariya, wasu ban gane ba, biyu kuma sun dame ni." Ki fara da masu ban dariyar. Ki ba shi labarin yadda sapa ta hana ki barci, ki bari ya yi miki dariya, ya fassara miki da bakinsa. Yaro na jin daɗi a ce yau shi ne malami. Daga nan sai ki tambaye shi kai tsaye, ba zagaye-zagaye: tikitin nan na waye, tun yaushe, nawa ya tafi, akwai bashin wani a kansa? Tambayar bashin kada ki manta da ita, don bashi ne ke kai yaro ga ɗaukar abin da ba nasa ba. In ya amsa, ki riƙe fushinki a ranar. In gaskiyar farko da ya faɗa ta jawo masa duka, ba zai faɗi ta biyu ba.

In ta tabbata yana bugawa, a biya bashin in akwai, sau ɗaya, da sharaɗin zai biya ku da aiki ko a rage daga kuɗinsa. A goge manhajar cacar a gabansa, a duba asusun da yake tura kuɗi da shi, a koma ba shi kuɗin makaranta kullum-kullum maimakon na mako. A kuma kafa doka a fili wadda ta hau kan duk yaran gidan: waya na kwana a ɗakin uwa, iyaye sun san mabuɗinta, kuma za a duba lokaci-lokaci da saninsu. Ga ƙananan, ki sani ko su WhatsApp da TikTok a ƙa'idarsu ba su yarda wanda bai kai 13 ya buɗe shafi ba.

Akwai abin da ba zai iya gaya miki ba komai kusancinku, saboda kunya, balle ɗan fari. Ki nemo masa wani a dangi wanda ya girme shi da shekara shida zuwa goma, kawu ko ƙanin uba ko taubashi mai hankali, wanda ya san Hausar majalisa kuma yaron na ganin girmansa. Irin wannan mutumin zai ji kalma ɗaya ya san inda aka dosa, abin da ni da ke sai mun yi tambaya. Shi ne kuma zai iya zama a majalisar tasu ya ga su waye, ba tare da an watse ba.

Ke kuma kada ki ce za ki riƙa yi musu irin maganarsu don ki shiga jikinsu, abin dariya za ki zama, su kuma su sauya wata. Abin da za ki tsaya a kai shi ne ya san wurin kowace magana. In yana "ya ne" da abokansa, amma ya zo gaban babansa ya durƙusa ya ce ina kwana, ya gaida baƙo da cikakkiyar gaisuwa, ya rubuta jarrabawa ba da "xan xo" ba, to harshensa lafiya lau yake, ya ma iya biyu. Ranar da ya ce wa kakarsa "ba yawa", a nan ne za ki gyara masa zama.

Game da gidan mari, ki tuna wa maigida abin da ya faru a watan Satumban 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa da tabon duka, har da ƙananan yara, aka kuma samu irinsa a Katsina bayan 'yan makonni. Yaron da laifinsa bai wuce hira a waya ba, in aka kulle shi da waɗanda suka yi nisa, karatu za a kai shi. Ko da ta tabbata akwai shaye-shaye, hanyar ita ce asibiti: akwai na Dawanau a nan Kano, akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, hukumar NDLEA mai yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ma tana da masu ba da shawara. Ki zaɓi lokacin da ya huce ki yi masa wannan maganar, kuma ki roƙe shi ya bar miki zaman farko, shi ya shigo daga baya a kan maganar kuɗi da doka.

Saura yaron da aka raka gida. Shi ma ɗan wata ce, kuma mai yiwuwa ita kaɗai ce ba ta sani ba a unguwar. Bayan kin gama da naki, ki gaya masa za ki sanar da iyayen abokin, kada ya ji a bakin wani. Zai roƙe ki kada ki yi, don tsoron a ce shi ya kai tsegumi, kuma tsoronsa na da dalili, a majalisar samari wannan tabo ne mai wuyar gogewa. Saboda haka kada ki nuna saƙon, kada ki ambaci sunan ɗanki. In kin san uwar, ki je da kanki ki ce kin ji ƙishin-ƙishin, ta sa ido. In ba ki san ta ba, ki bi ta hannun wata dattijuwa ko limamin unguwa da iyayen ke jin maganarsa.